Santin Malam Illiassou

Shekara takwas Malam Illiassou ya yi yana ɗaukar akwatunan tumatir a kasuwar Rungis ta Paris, har ya zama da ya shinshina akwati zai gaya maka kwanan tumatirin nawa a hanya. Da bayansa ya fara ciwo, a 1983, ya kwashi matarsa Rékia suka koma Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon. Can ya samu aikin aske ciyawa a wani filin golf, inda manyan mutane ke biyan kuɗi su yini suna bin ƙwallo ɗan mitsitsi da sanda har ya faɗa rami.

Mutumin Mirriya ne, dogo, mai shan mur, kuma abu biyu yake taƙama da su. Na farko, bai taɓa yin santi ba. Daɗin abinci bai taɓa kwance masa baki ya kama zancen da ba shi da kai ba, yadda yake kwance wa sauran mutane a yi ta yi musu dariya. Shekara goma sha tara yana cin girkin Rékia, iyakar abin da take samu shi ne "Alhamdulillahi" da turo kwano.

Na biyu kuwa a filin golf ya same shi. Wata rana wani likita Bature, Mushe Perrin, wato Malam Perrin a bakin Faransawa, ya gama wasa da yunwa, ya tambaye shi inda za a ci taliyar Italiyawa mai kyau. Illiassou ya dogara da injin askinsa ya yanke hukunci: gidan abincin bakin gada kada a je, na kusa da tashar jirgi sai in an rasa, amma gidan Gaetano, a je da ido rufe. Likita ya je, ya dawo yana sa albarka. Kafin shekara ta zagayo, duk mai sanda a filin nan sai ya tsaya wajen mai askin ciyawa ya ji ta bakinsa, har da cire masa hula.

Abin da ba su sani ba, Illiassou bai taɓa zama a kujerar ko ɗaya daga cikin gidajen nan ba, don tsoron naman alade. Ta ƙofar baya yake saninsu. In ya wuce a kan babur ɗinsa da safe, ya dubi akwatunan tumatir da aka sauke, ya shinshina, shi ke nan ya gama jarraba mai gida. Na Gaetano ya fi sani, domin kullum nan yake sauke Rékia, wadda ya san tana wanke faranti a ciki. Bai taɓa tambayarta yadda aikin yake ba.

Ranar wata Asabar Mushe Perrin ya ci gasa, murna ta ɗebe shi, ya rantse sai gwaninsu ya bi su cin abincin rana a gidan Gaetano. In aka gane ko cokali mai yatsu bai iya naɗe taliya da shi ba, girman shekara uku ya zube, ya koma mai askin ciyawa kawai. Ya kawo uzurin salla, suka ce za su jira. Suka jira kuwa.

A teburi ya sha mur, ya ce a kawo masa taliya da miyar tumatir zalla, ba nama, wai a nan ake gane mai girki. Turawa suka jinjina kai. Gaetano da kansa ya kawo, yana ta bayanin cewa miyar tsohuwarsa ce, sirrin gidansu tun daga Napoli. Mutum shida suka ajiye cokula suna jiran hukunci.

Illiassou ya yi bisimilla a zuci, ya kai loma. Ya tsaya. Can ƙarƙashin tumatirin akwai daddawa, 'yar kaɗan, da citta. Ko a mafarki ya san hannun nan. Ashe tun bara gwiwoyin tsohuwar Gaetano suka hana ta tsayuwa, tukunya ta koma hannun mai wankin faranti.

Ya kamata ya faɗi kalma biyu da Faransanci ya yi shiru. Sai ya ƙara loma, ya ƙara wata, bakin da ya yi shekara goma sha tara a ɗaure ya kwance. Ya dubi likita ido cikin ido, da Hausa tsantsa, ya ce, "Ka san innata ta taɓa yin wata kaza a Mirriya, mai wuyan nan ba gashi? Wallahi kazar nan ta fi wani mutum hankali. In aka yi kiran salla sai ta hau turmi."

Likita ya juya ga abokansa ya ce, "Kun ji? Sai da yarensu zai iya yabonta." Aka tafa. Girman Illiassou ya ƙaru da taku goma. Amma daga bayan ƙofar madafa ya ji wata dariya da ya sani, har da faɗuwar murfin tukunya.

Da yamma a gida Rékia ta ajiye masa tuwon semolina da miyar nan dai, wadda yake ci duk Asabar ba ya ɗaga kai. Ba ta koma madafa ba. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta yi tagumi.

"Malam, ina labarin kazar Inna?"

Kunya ta rufe shi, har da wani abu mai kama da nadama. Ya daɗe yana juya loma a cikin miya.

"Miyar ta yi daɗi," ya ce a hankali. "Ta daɗe tana yin daɗi."

"To, madalla," in ji Rékia, tana share ido da bakin kallabi tana dariya. "Da na san sai a farantin Bature za ka ji ta, da tun a Paris na sayo farantin."