Injin Shara da Gwangwanin Yashin Baba

Ranar wata Juma'a bayan girbin masara, shekarar da na shiga aji huɗu, Kawu Ilu direba ya sauke wani abu a zaurenmu na Hunkuyi, dogo kamar taɓarya, da jakar yadi a bayansa. Ya ce injin shara ne ya samo a Kaduna. Babu wanda ya kai ni murna, domin sharar kafet ɗin ɗakin Baba a wuyana take. Kullum da safe sai na durƙusa da tsintsiya ina fama da yashin da baƙi suka kwaso, har in makara makaranta in sha bulala.

Baba kuwa ko zuma ka ce masa da zaƙi sai ya lasa. Ya ciko gwangwanin madara da yashi, ya barbaɗa a kafet, ya sa muka tattake, ya ce, "Abin da ya ci ya amayo mu gani." Da aka kawo wuta na tura injin yana ruri, kaji suna ta kansu. Aka zazzage jakar, yashi ya kusa cika gwangwanin. Baba ya ce gwaji ɗaya ba gwaji ba ne, za a sake Juma'a mai zuwa, in ya gaza in koma ga tsintsiyata.

Makon nan na ga gata. Ina isa makaranta kafin a buga ƙararrawa, har in sami lokacin 'yar carafke a gindin dalbejiya. Ashe ina can Goggo Ladi, ƙanwar Baba, ta mai da injin ɗan aikenta. Garin masarar da ya zube wajen tankaɗe, dusa, har tokar murhu, duk shi take ɗura wa.

Ranar gwaji rurin yana nan, amma ƙarfin ya tafi. Na sa tafin hannu a bakin bututunsa, da ƙyar na ji yana ja. Yashin ko rabin gwangwani bai kai ba. Baba ya miƙo mini tsintsiya, na fita tsakar gida idona cike da ƙwalla. Nan na tarar da Inna tana bubbuga rariya a gefen turmi, sai na tuna abin da takan ce: "Rariya ba ta gajiya, toshewa take yi." Na koma da gudu na juye jakar, sai ga gari ya manne a yadin kamar yaɓe. Na kakkaɓe ta a jikin katanga har na yi fari fat, Goggo tana salati tana cewa ita dai taimako ta yi. Na roƙi Baba a sake. Wannan karon bututun ya cafke tafina, yashi ya kai wuyan gwangwani. Baba ya yi dariya, ya soke tsintsiyar a rufin zaure, ya ce, "Hajara, ke kika ci, ba injin ba." Tun ranar ban sake makara ba.

Yau gidana tayil ne, injin da nake da shi ba ya ko razana kyanwa, Baba kuma ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Amma har yanzu ba na fara shara sai na ɗora tafina a bakin bututun, kuma duk lokacin da ya cafke, dariyar Baba nake ji.