Yaron da Aka Aiko wa Berel Melamed

Kowane gidan Yahudawa a unguwarmu ta Bulawayo yana da kujera ɗaya da ba a zama a kanta. Baba Hirshel ne ya ƙera su, mijin ƙanwar mahaifiyata.

A wani ƙauye kusa da Kobno aka haife shi, can Lituwaniya. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya sojojin Jamus suka kwashe mutanen garin. A ƙofar sansanin fursunoni aka raba shi da iyayensa da ƙannensa mata biyu, bai sake ganinsu ba. Wani dattijo da ke bayansa a layi ya raɗa masa cewa in an tambaye shi, ya ce shekararsa sha shida, kuma kafinta ne. Haka ya faɗa, haka aka rubuta.

Bai taɓa riƙe zarto ba. Da kafintocin sansanin suka ga zai jawo musu masifa, sai suka ba shi katako guda, suka ce ya saɓa a kafaɗa ya riƙa sauri. Wata goma sha huɗu yana kai katakon nan wancan ɗaki yana dawo da shi wannan. Har wata rana wani soja ya nuna shi, ya ce sauran fursunoni su yi koyi da himmarsa.

Bayan yaƙi yana gidan marayu aka kira shi ofis, aka ce baffansa Berel Melamed, mai kantin tufafi a Afirka, yana nemansa. Shi dai bai taɓa jin yana da baffa ba, amma suna ya yi daidai, ofis kuma ya buga hatimi. Jirgin ruwa ya kai shi birnin Kef a Afirka ta Kudu, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi.

Berel yana jiran dogon saurayi mai jan gashi, wani Hirshel, ɗan Shemuwel wan Berel. Sai ga ɗan tsurut mai baƙin gashi, aljihunsa cike da ɓawon burodi. Ya tambaye shi sunan ubansa, yaro ya ce Leib. Berel ya daɗe yana kallon layin dogo.

"To, daga yau sunan ubanka Shemuwel," in ji shi. "Ka kira ni Baffa. Kada ka gaya wa Fruma, shekara biyu tana gyara maka ɗaki."

Fruma, matar Berel, ta yi goyon ɗan Shemuwel kafin su baro gida, kallo ɗaya ta gane. Ta zuba wa yaro miyar kaza har sau uku, sannan ta ja shi kicin, ta ce ta san ba shi ba ne, amma ya rufa mata asiri, zuciyar mijinta ba ta da ƙwari. Ya ce to, Inna.

Shekara goma sha huɗu yana riƙe da sirrin miji da na mata, alhali sirrin ɗaya ne. In Berel ya ce hancin yaron nan na Shemuwel ne sak, sai Fruma ta ce har tafiyar, kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

Tun da takarda ta ce kafinta ne, Berel ya buɗe masa shago. Kujerunsa ɗingishi suke yi, teburinsa in ka ajiye ƙwai sai ka bi shi da gudu. Amma wa zai ce wa maraya aikinsa bai yi ba? Kowa ya saya. Shi kuma yana jin nauyin ya daina, tun da mutane suna so. A nan ya sami mata, innata Dobe, wadda ta faɗo daga kujerarsa ta zo ƙorafi.

Ana nan sai wasiƙa ta zo daga birnin Haifa na Isra'ila. Hirshel na ainihi yana raye, likitan haƙori ne, yana tafe ganin baffansa. Berel ya karanta ya ɓoye a aljihun kwat. Fruma ta tsinta wajen wanki, ta karanta, ta mayar. Kowannensu ya sami Baba Hirshel a gefe, ya ce ya san yadda zai yi da ɗayan.

Ina wurin ranar Juma'ar da baƙon ya zo cin abinci, ina 'yar shekara tara. Berel ya gabatar da shi a matsayin ɗan uwa na nesa. Fruma ta ce ai kuwa, na nesa sosai. Baƙo ya dubi hoton ubansa a bango, ya dubi gajeren mutumin da ke amsa sunansa, ya ajiye cokali.

"Baffa, wane ne wannan?"

"Ɗan wana ne," in ji Berel.

"To ni fa?"

"Kai ma."

Fruma ta fashe da kuka, Berel ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Da ta faɗa, rigima ta kaure a kan wa ya fi wani wahala. Hirshel biyun suka fita baranda suka bar su. Ashe sansani ɗaya aka tsare su. Ban ji abin da suka tattauna ba, sai dai a ƙarshe da likitan ya sa Baba Hirshel ya buɗe baki, ya ce haƙora uku sai an cire.

Washegari Baba Hirshel ya rufe shago, ya koma sayar da kifin gishiri, sana'ar da ya iya ƙwarai.

Da ya tsufa, wata makaranta ta gayyace shi ya ba yara labarin sansani. Ya tsaya gabansu ya kwashe kusan awa yana bayanin yadda ake jiƙa kifi a fitar da gishiri. Malamar ta yi ta gyaran murya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambayi sunan ƙannensa.

"Hinda da Perel," ya ce.

Sannan ya nemi hularsa. Inna Dobe ta riƙe hannunsa suka fita. A mota ya yi ta mita cewa an ba shi shayi babu ko biskit.