Shamuwar da Ta Wuce Kaka

Wutar da muka ji ɗumi gabanta muna yara ba ta itace ba ce. Wata tsohuwar hita ce mai jajayen sanduna, wadda Baba ya samo a wurin 'yan gwanjo. Gidanmu na haya yana hawa na biyu, bayan wani fili da ake sayar da tsofaffin motoci, a titin da yau ake kira Gate City Boulevard, mu kuwa High Point Road muka san shi. Lokacin sanyi, da an idar da magariba, Kaka sai ta kashe fitilar falo, ta jawo hitar tsakiyar kafet, ta miƙe ƙafafu. Ni da ƙanwata Mariyama mu raɓe a jikinta, jan hasken yana dukan fuskokinmu. Baba yana can wurin aikin ɗaukar kaya a wajajen Wendover, Mama ba ta taso daga aikinta a gidan kula da tsofaffi ba. Duniyar tamu ce mu uku.

Kaka mahaifiyar Mama ce, mutuniyar Maraɗi. Sunan Mariyama ya kawo ta Greensboro, da niyyar ta yi 'yan watanni ta koma. Sai haihuwar ta zo wa Mama da gardama, ta daɗe a kwance, Baba kuma yana fama da aiki biyu. Kaka ta dubi jaririya, ta dube ni, ta mayar da akwatinta ƙarƙashin gado. Mu dai mun tashi mun gan ta a gidan, kuma ba mu taɓa tunanin akwai wata takarda da mutum yake buƙata kafin ya zama kakar wani ba.

Ni take kira maigidanta, irin wasan nan na kaka da jika. In na amsa mata da Turanci sai ta kama kunnena ta ce, "Wane irin miji ne wanga, matatai na magana yana yi mata kukan agwagwa?" Da wannan jan kunnen na koyi Hausar da nake rubutu da ita yau.

Ban taɓa ganin mai son reslin, kokawar nan ta Turawa, kamar Kaka ba. Ranar da za a nuna shi a talabijin da wuri take sauke tuwo. Yayanta Tanko ɗan kokawa ne da aka san shi a ƙauyukansu, ta tashi tana riƙe masa ruwa a bakin fage, saboda haka kallo ɗaya ta yi wa ƙattin Amurka ta gano su. "Ƙarya ce," in ji ta, tana dariya har da hawaye. "Dibi, dibi! Shi ya ba shi ƙahwar da kansa. Da Tanko ne, da tuni wanga ya ci ƙasa." Amma ba ta fasa kallo ba. Abin da ya burge ta shi ne, a kokawarsu da gwiwa ta taɓa ƙasa an gama da kai, a nan kuwa sai a maka mutum da ƙasa, alƙali ya fara buga hannu, ya ɗaga kafaɗa ya miƙe. Takan ce ƙasar da ake barin wanda ya faɗi ya tashi ba ta rasa alheri ba.

Wata shekarar zaɓe Baba ya kunna muhawarar masu neman shugabanci. Kaka ta fito daga kicin ta ga mutum biyu a kan dandali, fitilu a kansu, jama'a na sowa, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Ta gyara zama, ta jira, ta jira. Can ta taɓa Baba ta ce, "Wai yaushe za su tuɓe?"

Baba ya yi dariya har ya ƙware. Da ya lafa sai ya fassara mata abin da suke faɗa: wannan ya ce zai kwashe duk marasa takarda ya mayar da su inda suka fito, wancan ya ce zai gyara musu zama. Na ga fara'a ta bar fuskar Kaka. Ta ce, "To ai kokowar ce dai. Sai dai waɗancan in sun jehi juna da kujera, kansu take sauka. Waɗanga kuwa kan 'yan kallo."

A ranar ne ta fara ba mu labarin shamuwa. Tana da yadda take buɗe tatsuniya: "Ga baƙuwa ta iso, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna mu ji."

Wai a wani gari akwai babbar tsamiya, kuma dokar garin ita ce shamuwa ta zo da farkon damina ta yi sheƙa, ba mai jifanta, ba mai taɓa ƙwanta. Amma in kaka ta yi, aka yanke gero, dole ta tashi. Wadda ta wuce kaka kuwa, shaho yana da izinin ya ɗauke ta duk inda ya gan ta a waje, kuma in ta tashi da kanta, ba ta sake sauka a garin. Wata shekara wata tsohuwar shamuwa ta zo taya 'yarta reno. Kaka ta yi, 'yan'uwa suka taru a kan reshe za su tafi, sai ta leƙa sheƙa ta ga uwar ba lafiya, 'yan tsaki biyu ko gashi ba su yi ba. Ta ce da sauran su yi gaba, tana nan tafe.

A nan Mariyama ta fashe da kuka. Mu haihuwar Amurka kaka ɗaya muka sani, ita ce wadda muke jingine da ita. Ba wanda ya taɓa gaya mana lokacin girbi ma sunansa kenan. Da Mariyama ta ji "kaka" da "dole ta tashi" a numfashi guda, sai ta ƙanƙame ta tana cewa ba za ta tafi ba. Kaka ta yi dariya, ta bayyana mana bambancin, ta ce mu jahilai ne na ƙarshe. Amma na lura ta daɗe tana shafa kan yarinyar kafin ta ci gaba.

A gindin tsamiyar nan, in ji ta, wasu raguna biyu suke karo duk bayan 'yan shekaru don a san wanda zai riƙe garin. Ɗaya ya rantse in ya ci zai sa shaho ya hau bishiya ya share baƙi. Ɗayan ya rantse zai yanka wa tsohuwa reshenta na kanta. Su ja da baya, su gwabza, tsamiya ta girgiza, sheƙa ta yi kamar za ta zube. Tsohuwa sai ta kafa ƙafa, ta buɗe fikafikanta duka biyu ta rufe 'yan tsaki har ƙura ta lafa. Da yamma kuma, daga can sama, ta hango ragunan biyu a bakin tafki suna shan ruwa kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya ci bai ba ta reshe ba, wanda ya faɗi kuma ya fara wasa ƙaho don karo na gaba.

"Sai me ya faru?" in ji ni.

"Baƙuwa ta gaji, ta kwanta nan."

Haka take rufewa kullum. Sauran tatsuniyoyinta duk suna da ƙarshe, mugu ya sha kashi, mai haƙuri ya samu. Wannan kaɗai ta ƙi ƙarewa, kuma abin yana ba ni haushi ƙwarai.

Da bazara aka sa ni a ƙungiyar yara ta besbol, wasan buga ƙwallo da sanda. Muna wasa a wani fili a wajajen McLeansville, gonaki kewaye da mu. Kaka ta ce sai ta je ta ga abin da maigidanta yake yi da sanda. Ta zauna a benci cikin lulluɓinta, da fulas ɗin kunu, tsakiyar iyaye Turawa masu hulunan rana, ko a jikinta. Da aka tashi ta tsare ni da tambaya.

"Wanda ya bugi ƙwallo ya sheƙa, ina za shi?"

Na ce gida, haka ake kiran wurin.

"Daga ina ya taso?"

Na ce daga gidan.

"Duk wanga gudu, don a koma inda aka hito?" Ta riƙe haɓa. Da na gaya mata har sata ake yi, mutum ya saci tasha ta gaba, sai ta yi salati: sata a gaban jama'a, kuma iyaye na tafi! Fararen tasoshin nan da ake takawa ita matashi take ce musu. Na bayyana mata cewa muddin ƙafarka tana kan matashi ba mai iya fitar da kai, amma da ka ɗaga aka taɓa ka da ƙwallo, ka fita. In ka isa lafiya, alƙali ya buɗe hannuwa biyu ya ce "Sef!" Ta sa na maimaita. Ta gwada buɗe hannuwan, lulluɓinta ya baje. Sannan ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Ashe ni ma kan matashi nike."

Ban gane ba sai shekarar da aka bugo waya daga Maraɗi cewa Tanko yana kwance, kuma sunanta yake kira. A ranar Mama ta zaunar da ni ta gaya mini gaskiya. Bizar Kaka ta ƙare tun Mariyama tana zanen goyo. Takardun iyayena su ma suna ta jan ƙafa, balle su nema mata. In ta hau jirgi ba mai hana ta fita, amma ba za ta sake shigowa ba. Mama tana kuka tana cewa, "Inna, ki tafi, za mu san yadda za mu yi." Baba ya ce ko gobe ne zai nemo tikiti. Kowa ya san babu yadda za a yi: in ta tafi, dole ɗayansu ya bar aiki, kuma gidan ba zai tsaya da ƙafa ɗaya ba.

Da magariba Kaka ta jawo hita kamar kullum. A daren nan labarin ya sami sabon reshe: iska ta zo daga arewa ta gaya wa tsohuwar shamuwa cewa yayanta, wanda ya koya mata tashi, yana nemanta. Ta miƙe, ta karkaɗe fikafikai, ta taka har bakin reshe. Sai ta waiwaya.

"Sai ta ce wa iska mi?" Kaka ta dube mu. "Ta ce, koma ki hwaɗa mishi, shi ya koya mini ba a sakin riƙo tsakiyar kokowa."

Bayan kwanaki kaɗan Tanko ya rasu, Kaka ta karɓi gaisuwa a falonmu, a kan kafet, nesa da kabarinsa da faɗin teku. Matan Nijar da na zangon Gana suka cika gidan da kwanuka. Ban ga hawayenta ba sai ranar reslin ta gaba, da ta kunna talabijin, ta kalli ƙattin nan suna juyi, ta buɗe baki za ta ce "da Tanko ne", maganar ta ƙi fita.

Zaɓuɓɓuka suka zo suka wuce. Wani lokaci a ce gyara ya kusa, har a fara yi mata barka a masallaci. Wani lokaci a ce ana kame, kar a buɗe wa kowa ƙofa, ta yi makonni ko shagon kayan miya ba ta leƙa ba. Ba ta taɓa cewa ba ta karya doka ba. "Na wuce ranar da aka yanka mini," takan ce, "kuma da za a maido ni, sai in sake wucewa." Ranar da na fara jefa ƙuri'a ta tare ni a ƙofa ta ce, "Maigida, yau ka shiga hili. Ka tuna da na kan bishiya."

Satin da Mariyama ta gama sakandare, Kaka ta jawo akwatin nan daga ƙarƙashin gado, ta ce a nemo mata tikiti. Muka roƙe ta ta zauna, Mariyama ta yi kuka irin na ranar farko, ta ce ai tun tana ƙarama ta san labarin shamuwar nan da Kaka ake. Kaka ta kama hannuwanta ta ɗaga, ta dudduba su kamar mai duba fikafikai, ta ce sun yi ƙwari.

Bayan kwana biyu da tafiyarta wani jikan Tanko ya kira mu ta bidiyo. Ga Kaka tsaye a ƙofar gidansu na ƙasa, rana ta haske ta, ta tsufa fiye da yadda na sani. Ta ce a matso da wayar. Ta ɗaga ƙafa ta taka dokin ƙofa da ƙarfi, ta buɗe hannuwa biyu, lulluɓi ya baje.

"Sef!" in ji ta.

Muka yi dariya muna kuka. Ba ta sake ganin Greensboro ba, can Allah ya karɓi abinsa, aka kwantar da ita kusa da yayanta.

Ina yaro na ɗauka labarin shamuwa na raguna ne, wato kar mu yarda da masu alkawari. Sai da na girma na gane hanyarta ce ta gaya mana abin da take biya saboda mu, ba tare da ta ɗora mana nauyin godiya ba. Kuma ba rowar ƙarshe take yi mana ba, ita ma ba ta san shi ba tukuna. Har yau in na ji ana maganar marasa takarda a talabijin kamar wata annoba, tsohuwar nan nake gani gaban hita, kuma ina alfahari da ita fiye da yadda bakina zai iya faɗa.

Yanzu ni nake alƙalancin wasan yara ranar Asabar a filin nan na McLeansville. In yaro ya taso daga matashi na uku, ya zube a gida cikin ƙura tare da ƙwallo, har ba a iya cewa wa ya riga, iyayen ɗaya ɓangaren sukan yi ƙorafi wai na cika saurin buɗe hannu. Ban taɓa yi musu musu ba.