Tambayar da Na Ji Kunyar Yi Bayan An Yi Mini Aiki

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun kafin damina ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Masu sayen cuku a wurina sun yi ta tambaya ko na tashi daga Tanut ne. Ina nan. Jinya na yi, kuma yau zan faɗi har abin da mata ba mu saba faɗa ba.

Da ciwon mara abin ya fara, gefen hagu. In na ɗauki tulu sai in ji kamar an soka mini tsinke. Daga baya al'adata ta rikice, cikina ya ɗan tasa. Inna, mahaifiyata, har ta fara murna wai ɗiyata Nana za ta samu ƙani.

Ba ciki ba ne.

Ranar kasuwar Belbeji na durƙushe gaban tabarmar cukuna, ina amai, na kasa miƙewa. Daga gidan likita na garinmu aka tura mu Damagaram. Aka shafa mini wani mai mai sanyi a ciki, aka yi hoto. Likita ya ce, "Ƙari ne mai ruwa a jikin gidan ƙwai, ya girma har ya murɗe. Sai an yi aiki."

Malam Isuhu, maigidana, ya sayar da ragon da muke kiwo don layya. Shi ya sa hannu a takarda. Aka cire ƙarin tare da gidan ƙwai na hagu, aka bar mini na dama.

Da na farfaɗo, tari ma tsoronsa nake. Amma na ƙudurta ba zan zama kayan ɗaki ba. Yau in taka zuwa bakin ƙofa, gobe zuwa gindin aduwar maƙwabta. An hana ni daka da ɗaukar ruwa, na kiyaye, ko da yake hannuna na ƙaiƙayin taɓarya.

Ɗinki ya warke. Abin da bai warke ba shi ne tsakanina da Malam.

Tun da muka dawo ya kwashe shimfiɗarsa zuwa zaure. Yana kawo mini nama, yana tambayar jiki, amma ko hannuna ba ya riƙewa. Wata mai zuwa dubiya ta ce a gabana, "Ai macen da aka buɗe wa ciki ta gama da harkar namiji." Na yi dariya a lokacin. Da ta tafi na duba tabon nan da ya ratsa marata, na yi kuka.

Da lokacin komawa awo ya yi, na shiga da tambayata a baki, na fito da ita a baki. Likitan namiji ne, sa'an ƙanena.

A bakin ƙofa na tsaya. Na ce wa kaina, Rakiya, kin sha wuƙa ba ki mutu ba, kunya ce za ta kashe miki aure? Na juya na nemi wata ungozoma dattijuwa da ta kula da ni a ɗakin jinya.

Ban ƙarasa magana ba ta gane. Ta duba ni, ta ce, "Ɗiyata, ciki ya haɗe, jini ya tsaya. Babu abin da zai ɓalle. Ina mijin naki?"

Na ce yana waje.

"Kira shi."

Malam ya shigo yana murza hularsa. Ta ce, "Malam, me ya kai ka zaure?"

Ya ce, "Hajiya, ni na ga lokacin da aka turo ta daga ɗakin aiki, kamar gawa. In na taɓa ta wani abu ya same ta, me zan ce wa uwarta?"

Ashe ni ina zaton ƙyamata yake, shi kuwa tsoro ne ya cika shi.

Ta yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye: a bi a hankali, ni zan ce a ci gaba ko a dakata, in akwai bushewa akwai man da ake sayarwa a kantin magani. Ta ƙara da cewa gidan ƙwai ɗaya ma yana iya ba da haihuwa, in Allah ya nufa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, karon farko na ji zafi, muka haƙura. Ban ɗauka ƙarshe ke nan ba. Muka ba jiki lokaci, muka sake gwadawa. Yanzu alhamdu lillahi, Malam ya naɗe tabarmar zaure.

Na koma daka, da ƙaramin turmi na fara. Kasuwa ma na koma.

Godiya ga Allah, ga Inna da ta bar gonarta ta zauna da ni, ga ungozomar nan, ga Malam.

Ƴan uwana mata, ciwon mara da ya ƙi tafiya a je a yi hoto, kada a tsaya ga jiƙo. Bayan aiki kada ki kusanci miji sai an duba ki an ce kin warke. In kin ga jini, zazzaɓi ko ruwa mai wari, koma gidan likita nan take. Kuma ki tafi da mijinki ya ji da kunnensa. Wataƙila shi ma yana da tambayar da ya kasa yi.