Ruwan Rijiyar Goggo Ya Je Gwaji

Ana idar da sallar asuba muka bar Gombe, ni da ƙanena. Goggonmu da ke Mbamoi a Yola ce ta kira mu: masu feshin gonar da ke bayan gidanta suna wanke tankinsu dab da rijiyarta, 'ya'yanta kuma sun ce sai an rufe rijiyar. Marigayi mijinta ne ya haƙa ta.

Hanyar Numan ta jijjiga mu har hanji. Amma soyayyen kifin da muka ci a bakin gada ya wanke mata laifi, ga araha.

Washegari muka nufi wani ɗakin gwaji a Jimeta da ruwan da Goggo ta shirya mana a gora, fes kamar na kanti. Ma'aikaciyar, wata 'yar Bacama mai fara'a, ta ɗaga gorar ta tambayi yadda aka ɗebo shi. Goggo ta gyara zama ta ce da Hausarta ta Adamawa, "Na sa alif, na tace, na tafasa shi. Rijiya na ba zai je gaban mutane da datti ba."

Matar ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Mama, ai dattin muke nema."

Muka koma Mbamoi da kwalabar gilashi mai duhu da kular ƙanƙara, muka ɗebo sabo, Goggo na tsaye tana jin kunya. Da muka dawo aka nuna mana aikin. Ana bi da ruwan ta wani ɗan bututu mai kama maganin feshin, a wanko abin da ya kama, a zuba wa na'ura. Na'urar kuma ta zana tudu-tudu a allo, a gwada da zanen maganin ƙwari na ainihi. Na tsaya baki buɗe.

Kwanakin jira muka cinye su da yawon kasuwar Jimeta da shan kindirmo, amma Goggo ko abinci ba ta iya ci sosai. Da sakamako ya fito, aka ce ɗan abin da aka gani bai kai na cutarwa ba, sai dai a hana wanke tanki a wurin, a sake gwaji bayan damina. Goggo ta ce wa matar "useko", godiyar Fulani, har ta kasa dainawa. Wallahi ni ma na ji daɗi.

Mun dawo Gombe lafiya. Na koyi cewa ido da harshe ba sa gane gubar feshi a ruwa, sai na'ura. Goggo kuwa mun baro ta tana jan guga da kanta, ta hana kowa taya ta.