Sha Huɗu ga Kowa

Surukina yana da shagon wanki da guga a tsakiyar Madina, a wani lungu bayan otal-otal ɗin alhazai. A Madina aka haife shi, mahaifinsa ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katagum, amma Hausarsa ba ta mutu ba, ta dai sha Larabci ta ƙoshi. Ni kuwa daga Zariya na zo aikin injiniya a wani kamfanin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, na auri 'yarsa. Tun ranar da aka ɗaura aure bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Muhandis, wato injiniya da Larabci, kuma yadda yake jan kalmar kai ka san ba yabo ba ne.

A farkon shekarun dubu biyu na sayi kwamfuta da firinta na kafa a falonmu a unguwar Bani Harisa. Surukin nawa, da nake kira Baba, ya zo ya zagaya ta sau biyu, ya tambayi abin da take iya yi wanda biro ba ya yi. Na cika baki sosai. Har na ce masa ita ba ta san son kai ba, lamba take bi, lamba kuwa ba ta ƙarya. Da na san inda wannan magana za ta kai ni da na haɗiye ta da shayin da ke hannuna.

Ba a yi wata ba ya kawo mini aiki. Alhazai suna kawo fararen jallabiyoyi duk iri ɗaya, su yar da 'yar takardar shaida, su dawo suna rantsuwa cewa waccan ce tasu. Wasu ma su wuce Makka su manta da kayan. Akwai sanarwa da Larabci a bango, amma rabin masu zuwa ba sa karanta ta. Yana son wata da Turanci da Urdu a takarda ɗaya: a zo da shaida, kaya suna fitowa bayan la'asar, abin da ya wuce wata guda za a yi sadaka da shi. Turancin nawa ne. Urdun kuwa mai gugarsa ne ya rubuta, wani dattijo ɗan Pakistan da muke kira Hajji, wanda ya shekara ashirin a bakin teburin gugar Baba. Malamin makaranta ne a ƙauyensu kafin ya zo, kuma rubutun da ya miƙo mini ya fi kyau a ce an rataye shi fiye da a kwafe shi.

Wani abokin aikina ya ara mini faifan da ke sa kwamfuta ta yi rubutun Urdu irin nasu mai gangarowa. Na ɗauka tun da na yi makarantar allo aikin rabin awa ne. Kwana uku na yi ina farautar haruffan da ban taɓa gani ba, masu ɗigo uku da masu 'yar hula a ka. Ranar Juma'a bayan la'asar dattawan biyu suka zo ganin aiki. Baba ya ja kujera har gwiwarsa tana taɓa tawa, ya ce in nuna masa inda ake auna girman rubutu. Na nuna masa ɗan akwatin da ke saman allo, mai lamba a ciki.

"Tayyib," ya ce. "Sha huɗu ga Ingilishi, sha huɗu ga Urdu. A dukkanina, shagon nan nawa, ba a ɗaga zubun a kan zubun, duk mai kawo wanki ɗaya ne. Sawa-sawa."

Haka Baba yake. Ko dabinon buɗa baki ne sai ya ƙirga wa kowa nasa. Na sa sha huɗu da sha huɗu, na danna, firinta ta yi kukanta ta turo takarda. Turancin ya fito a tsaye da ƙirji a buɗe. Urdun ya fito a ƙasa kamar tururuwa sun bi layi. Abin da ya ƙara muni, akwai kalmomin Turanci biyu da lambar wayar shago a tsakiyar layin Urdu, su ma sun tsaya ƙiƙam sun danne na kusa da su. Hajji ya sa tabarau, ya kai takardar kusa da hanci, ya nisantar da ita, ya ninke ta huɗu ya ajiye a kan tebur. Ya ƙi shayi na biyu, ya ce zai kama motar haya.

Na yi wa Baba bayani cewa haruffan Urdu suna da dogayen wutsiyoyi sama da ƙasa, su ne suke cinye awon, shi ya sa jikin harafin yake ƙanƙancewa. Ya saurare ni har na gama.

"Ya Muhandis, ba kai ka ce lamba ba ta ƙarya ba?"

"Ni na ce, Baba."

"Khalas."

Bayan kwana huɗu matata ta dawo daga gidansu ranta a ɓace. Hajji ya nemi Baba ya ba shi fasfonsa da yake ajiye masa, wai ya tsufa, gida yake so. Ya faɗa wa direban shagon cewa shekara ashirin yana zaton shi ɗan'uwa ne, ashe a ƙasan takarda yake, inda sai an tsuguna ake ganinsa. Baba ya ce duk wanda yake son tafiya ga hanya, shi bai zalunci kowa ba. Amma ya bar cin abincin dare, yana zama a tsakar gida yana yi wa fanka faɗa. Matata ta dube ni ta ce da Larabci, don da shi take faɗa, injina ne ya haddasa, ni zan gyara. Gaskiya na ji tsoro. Ina son tsohon nan duk da jan sunan da yake yi mini, kuma na san in Hajji ya hau jirgi Baba ba zai sake samun wanda zai yi wa gardama da safe ba.

Washegari da na dawo aiki na zauna na fara ƙara wa Urdu. Sha shida, bai isa ba. Sha takwas, ya fara ɗaga kai. A ashirin da biyu ya kai kafaɗar Turanci. Sai layukan suka buɗe, rubutu ya zube zuwa shafi na biyu, na dinga matse gefe da gefe ina rage tazara har ya koma. Kalmomin Turancin da ke cikin layin Urdu na bi su ɗaya-ɗaya na mayar da su sha biyu don su zauna lafiya da maƙwabta. Takarda ta yi kyau. Saura akwatin da Baba zai duba.

A nan shaiɗan ya zo mini da shawara, ni kuma ban kore shi ba. Akwatin ba ya faɗin girman shafi duka, yana faɗin girman wurin da ɗan tsinken nan mai ƙiftawa yake tsaye ne kawai. Sai na je ƙarshen layin Urdu na farko na bar fili guda, irin wanda ake bari tsakanin kalma da kalma, na ba wa wannan filin sha huɗu. Ba ya ganuwa a allo, ba ya fitowa a takarda. Na yi ta gwada kai linzamin kwamfuta daidai wurin har hannuna ya haddace.

Na aika wa dattawan cewa na gano matsalar, tawadar firinta ce ta yi rauni, na saka sabuwa. Hajji ya zo ne don kunyar matata da ta kira shi Ammu, wato baffa, a waya. Baba ya zauna a kujerarsa ta rannan.

"Nuna mini Ingilishi." Na danna. Sha huɗu.

"Nuna mini Urdu." Na kai tsinke kan filina. Sha huɗu.

Firinta ta turo takarda. Hajji ya karɓa, bai ma nemi tabarau ba. Ya karanta daga sama har ƙasa yana motsa leɓe, ya nuna mini ɗigo ɗaya da na manta, ya ce sauran ba laifi. Baba ya buga cinya.

"Shuf, ya akhuya, duba ɗan'uwana. Ban canza komai ba. Tawada ce. Kai da saurin fushi."

Hajji ya ce shi dama bai yi fushi ba. Suka sha shayi uku-uku, suka yi gardama a kan wanda ya fara ƙona rigar wani Bature musulmi shekarun baya. Maganar fasfo ba ta sake tasowa ba. Ni kuwa na yi sati ina tafiya kamar na ci zaɓe, firinta tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Da lokacin zuwan alhazai ya matso, kaya suka yi yawa, Baba ya zo shi kaɗai a mayar da la'asar zuwa magariba a cikin sanarwar. Muna zaune aka kira ni a waya daga wurin aiki, wayar kuwa tana ɗaki. Ban yi minti biyar ba. Da na dawo na tarar da hannunsa a kan linzami. Ashe duk zaman da yake yi kusa da ni kallon hannuna yake. Ya danna tsakiyar rubutun Hajji, akwatin yana nuna ashirin da biyu ɓaro-ɓaro.

Na tsaya a bakin ƙofa ina lissafin ko in ce kwamfuta ce ta kamu da cuta. Ya ce in zo in zauna. Na faɗa masa komai, har da filin. Na jira faɗa, bai zo ba. Ya ɗauki takardar da na gyara da ke kan tebur, ya ɗora ɗan yatsa a kan layin Turanci, ya sauko da shi kan na Urdu, ya sake komawa.

"Tsayinsu ɗaya," ya ce.

"Ɗaya ne, Baba."

"Ya'ani kafin ya kai ɗan'uwansa sai da aka ƙara masa takwas."

Na ce haka ne. Na ga idonsa ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba, sai na kau da kai na kama gyaran takardu a firinta.

"Shekara ashirin ina ba shi abin da nake ba kowa," ya ce a hankali. "Shi da ya baro 'ya'yansa a wata ƙasa."

Ya goge fuska da gefen gutrar da ya yafa a ka, ya tura mini linzami.

"Kai maƙaryaci ne, Muhandis, wannan za mu yi maganarsa. Yanzu mayar da shi ashirin da huɗu. Idonsa ya fara rauni, ba ya faɗa. In ya tambaya, ka ce tawada ce."