Neman Magani a Cikin Laka

Ana sallame sallar asuba munka bar Bodinga, ni da wani Baturen likita da tafintansa, jakaina ɗauke da akwatunan kwalabe. Ba son yawo ya fitar da ni ba. Gyambon ƙafar mahaifina ne ya ruɓe har ƙudaje sunka hana shi zaman zaure. Baturen ya yi alkawari in na raka shi Shagari, muna dawowa zai yi masa allurar nan ta fanisilin da ke cikin akwatinsa. Na ce a yi masa kafin mu tafi. Tafinta ya ce sai aiki ya ƙare.

Aikin kuwa mene ne? Kwasar laka! Wai akwai wasu 'yan ƙwari da ido ba ya gani, masu kashe waɗanda ke ruɓar da ciwo, ana farautarsu a tafkuna har da ruwan teku, don a haɗa sabon magani. A fadamar Danchadi na shiga ruwa iya cinya ina cika kwalabe, masu ban-ruwan albasa na ta dariya. Ɗayansu ya ce, "Malam, in gini za ku yi, ai da kwando aka zuwa." Albasa dai ta yi arha, ita da ƙuli na yi ta ci. Hanya kuwa rairayi ce, jakai na tafiya suna nutsewa.

A Dandin Mahe anka sauke mu gidan maigari, ga tuwon gero da man shanu. Muna zaure wajen gaisuwa, mahaifiyar maigarin ta ga kayan baƙo duk ƙazanta. Ta sa anka zubar da lakar, anka wanke kwalaben tas da toka, anka jera a rana. Ta ce, "Baƙo ba shi barin gidanga da dauɗa."

Bature ya yi jajawur kamar gauta, wai sai mun koma kowane tafki mun sake ɗiba. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, tsohona na can kwance. A ba ni allurar in kai ma malamin asibiti." Ko kallona bai yi ba. Wallahi na so in kwance jakaina in bar shi da tarkacensa a daji, amma maganin na hannunsa, sai na haɗiye. Haka munka koma baya, munka sake bin tafkunan ɗaya bayan ɗaya har Shagari. Kasuwa na ci, ban ko leƙa ba, zuciyata na tafasa.

Da munka dawo Bodinga, tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, mutane zazzaune. An riga an kai mahaifina makwancinsa. Ina tsaye sai ga tafinta, wai likita ya shirya, ina mara lafiyar?

Ban riƙe tsohuwar nan da komai ba, mutunci ta yi. Na kuma san kwana ne ya ƙare. Amma tafiyar nan ta nuna mini mutumin da ke wahalar neman maganin waɗanda ba a haifa ba, ya kulle na wanda ke mutuwa a gabansa. Ya ce lakarmu za ta ceci dubban mutane. Allah shi sa. Ni dai uba ɗaya gare ni.